ZARE: Manuwal ko otomatik? Tarihin giyar mota, da yadda jirgin ruwa ya zaɓar mana

1/ Jama'a, gardamar manuwal da otomatik ta sake tashi, kuma kullum wuri ɗaya take tsayawa. Wannan ya ce otomatik motar ragwaye ce, wancan ya ce manuwal wahalar banza ce. Ni ɗalibi ne, ba makanike ba, amma na ɗan bi tarihin abin. Zaren da tsawo fa, ku nemi wurin zama 🧵

2/ Abin da nake son nunawa shi ne: irin giyar da mutanen wata ƙasa suka saba da ita ba daga jarumtarsu ko ragwancinsu take fitowa ba. Kuɗin fetur ne, da girman injin, da irin hanya. Mu kuma a nan akwai ƙari: daga wace ƙasa jirgin ruwa ya kwaso mana motocin da muke hawa.

3/ Tukuna, me ya sa mota take da giya ma? Injin fetur yana da wani hali. Ba ya da ƙarfi idan yana juyawa a hankali, kuma in ka ɗora masa nauyi farat ɗaya daga tsaye sai ya mutu. Duk wanda ya koyi manuwal ya san wannan mutuwar, galibi a tsakiyar titi, mai Keke Napep na bayansa yana danna masa hon.

4/ To giya ita ce mai sulhu tsakanin injin da taya. Ta ɗaya tana ba ka ƙarfi ba gudu, ta sama tana ba ka gudu ba ƙarfi. Daidai da keke mai giya a kan tudu. Kuloci kuma aikinsa raba injin da giya na ɗan lokaci don a samu a canza. Duk tarihin nan a kan tambaya ɗaya yake: wa zai yi canjin, ƙafarka da hannunka ko ita motar da kanta?

5/ Mu fara daga Jamus. A 1886 Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai taya uku, wadda ake lissafawa a matsayin motar fetur ta farko. Giya ɗaya gare ta, da bel take aiki kamar injin markaɗe. Mutane suna kallonta a matsayin abin wasan wani mai taurin kai.

6/ Sai matarsa, Bertha Benz. Wata asuba a watan Agustan 1888 ta ɗauki ɗaya daga cikin motocin ba tare da ta gaya masa ba, ta ɗora 'ya'yanta biyu, Eugen da Richard, ta kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim wurin mahaifiyarta. Kusan kilomita 106. Babu gidan mai ko ɗaya a duniya a lokacin, a kantin magani ta sayi man da ta zuba. Da bututun mai ya toshe, da allurar hularta ta zokale shi.

7/ Abin da ya shafe mu a tafiyar: duk inda suka iso tudu sai motar ta gaza, sai yaran sun sauka sun tura. Da ta dawo ta ce wa mijin a ƙara wata giya ta ƙasa don hawan tudu, aka kuma ƙara. Saboda haka masu cewa "mace me ta sani a harkar giya", ku ɗan yi a hankali 😅

8/ Giyar manuwal irin wadda muka sani, ta haƙoran ƙarfe da ake turawa su shiga juna, Faransawa ne suka kafa ta. Kamfanin Panhard et Levassor, a tsakiyar shekarun 1890. Ana jingina wa Émile Levassor cewa shi da kansa ya amsa abin nasa ɗanyen aiki ne, amma dai yana yi.

9/ A Paris ɗin dai, ranar 24 ga Disamba 1898, wani saurayi ɗan shekara 21, Louis Renault, ya hau titin Lepic mai tsananin tudu a unguwar Montmartre da wata 'yar mota da ya haɗa da kansa. Sirrin yana cikin giyar da ya ƙera. A daren ya samu masu saye sama da goma, daga nan kamfanin Renault ya samo asali. Shekara 21 fa. Sa'anmu ne. Mu muna nan muna jiran a manna sakamakon jarrabawa.

10/ Amma tuƙin waɗannan motoci azaba ne. Haƙoran giya biyu suna juyawa da gudu daban-daban, kai direba ne za ka daidaita su da kunnenka. Ka taka kuloci, ka fitar zuwa firi, ka saki, ka ɗan taɓa totur, ka sake taka kuloci, sannan ka shigar. Ka kuskure kaɗan, ka ji ƙurrr, kamar ana niƙa tsakuwa.

11/ Tsofaffin direbobin manyan motoci sun san wannan taku biyun, don a gingimari abin ya daɗe bai tafi ba. Idan kana da kaka ko kawu da ya yi dogon zango a da, tambaye shi. Lokacin da tuƙi yake sana'ar da ake yi wa zaman koyo na shekaru a matsayin yaron mota, wannan yana cikin dalilai.

12/ Wanda ya kashe wannan ƙarar wani injiniya ne ɗan Amurka, Earl Thompson. Ya ƙirƙiro wasu zobba da ke daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu. Cadillac ce ta fara sa su a 1928. Duk manuwal ɗin da ka taɓa jefa wa giya ta shige sumul, aikinsa ne. Riƙe sunan nan, zai dawo.

13/ Ɗan ratse. Ford Model T, wadda ta fito a 1908 aka sayar da sama da miliyan 15 zuwa 1927, ba irin waccan giyar take da ita ba. Feda uku gare ta, amma ta hagu ta canza giya ce, ta tsakiya ribas, ta dama birki. Totur kuma a jikin sitiyari yake. Gwanin manuwal na yau in aka ba shi ita, katanga zai shiga.

14/ Na kawo ta ne saboda a cikinta akwai tsarin ƙananan haƙora da ke zagaye wani babba a tsakiya, kamar yadda duniyoyi ke zagaye rana. Irin wannan tsari ba sai an raba haƙora an sake haɗawa ba, riƙe wani sashe kawai ake a saki wani. Shi ne rabin otomatik.

15/ Ɗaya rabin daga teku ya zo. A 1905 wani Bajamushe, Hermann Föttinger, da ke aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa, ya gano yadda za a miƙa ƙarfin injin ta cikin ruwa ko mai, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Ka ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ka kunna ɗaya, ɗayar za ta fara juyawa. To ka rufe su a tukunya ɗaya ka cika da mai. Shi kenan.

16/ Wannan tukunyar ce ke maye gurbin kuloci. Shi ya sa otomatik take tsayawa a danja tana cikin giya injin bai mutu ba, kuma shi ya sa kana ɗaga ƙafa daga birki take fara rarrafe. Amma ku lura da aibin: ɗaya fankar ba ta taɓa kamo ɗayar a gudu. Wani ƙarfin yana salwanta, ya koma zafi. Fetur ɗinka ne ke tafiya a nan.

17/ Mutane da dama sun gwada haɗa otomatik kafin a dace. Akwai Alfred Horner Munro ɗan Kanada da ya samu takardar mallakar tasa a 1923, mai aiki da matsattsiyar iska, amma ba ta da ƙarfi, ba ta je ko'ina ba.

18/ Wadda ta yi nasara ta fito ne a ƙarshen 1939, daga General Motors, a motocin Oldsmobile na 1940. Sunanta Hydra-Matic. Giya huɗu, babu fedar kuloci kwata-kwata, ƙarin Dala 57 a kan kuɗin mota. Wa ya jagoranci aikin? Earl Thompson ɗin nan. Mutumin da ya gyara manuwal shi ne ya haƙa mata rami. Wallahi wannan ya fi komai burge ni a labarin.

19/ Yanzu masu "motar ragwaye" ku matso. Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Disamban 1941, a farkon 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula. Ina Hydra-Matic ta tafi? Cikin tankar yaƙi. M5 Stuart tana ɗauke da injin Cadillac biyu, kowanne da tasa Hydra-Matic. M24 Chaffee ma haka.

20/ Dalilin a fili yake. Kana da dubban samari da za ka koya wa tuƙin tanka cikin 'yan makonni, kuma wanda ake harbi ba shi da lokacin lallaɓa kuloci. Bayan yaƙi kamfanin ya yi ta talla da cewa giyarsa ta ga filin daga ta dawo. Har Rolls-Royce ta karɓi lasisinta a farkon shekarun 1950.

21/ Daga nan Amurka ta rungume ta. Buick ta fito da Dynaflow a 1948, Chevrolet ta kawo Powerglide a 1950, wato har motar talaka ta samu. Kafin shekarun 1950 su ƙare, mafi yawan sababbin motocin ƙasar otomatik ne.

22/ Me ya sa su? Fetur arha, don suna haƙo nasu. Injin manya, silinda shida da takwas, wanda ko an yi asarar wani ƙarfin a tukunyar mai ba za ka ji ba. Ga manyan tituna da gwamnatin Eisenhower ta ƙaddamar a 1956, ga mutane sun koma zama a bayan gari suna shigowa aiki kullum cikin cunkoso. Mai wannan rayuwar me zai yi da kuloci?

23/ Turai kuwa yaƙi ya bar ta a rushe. Mai sayowa suke daga waje, gwamnatoci sun lafta masa haraji, wasu ƙasashen kamar Faransa har girman injin suke sa wa haraji. Sai motocinsu suka zama ƙanana. Citroën 2CV ta 1948 ƙarfin doki 9 gare ta. Tara kacal. Mai doki tara ba ya kyautar ko ɗaya ga tukunyar mai.

24/ To ka ga inda aka rabu. Bature ɗan Turai bai fi Ba'amurke iya tuƙi ba, aljihunsa ne ya fi jin zafin fetur. Rikicin man 1973 ya ƙara ɗaure shi a kan manuwal. Har doka ta bi: a Ingila, in da otomatik ka ci jarrabawar tuƙi, lasisinka bai ba ka damar taɓa manuwal ba. Har yau haka ne.

25/ Wani ratsen: waɗannan haruffa P R N D da kuke gani, jerin ba haka kawai ya faɗo ba. A wasu tsofaffin otomatik ribas tana can ƙarshe, manne da giyar gaba. Mutum ya nufi gaba sai ya tsinci kansa yana baya. Ralph Nader ya caccaki wannan a 1965, kuma kafin shekarun 1960 su ƙare dokar Amurka ta wajabta firi ta shiga tsakanin ribas da gaba.

26/ To mu dawo gida, don a nan gizo ke saƙar. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama, irin na maƙwabtanmu Nijar, Benin, Kamaru da Chadi. Ba wanda ya yi maganar giya a ranar. Amma ranar ce ta yanke daga ina motocinmu za su riƙa zuwa: ƙasashen da sitiyarinsu ke hagu. Wato Faransa, Jamus, Beljiyam, da Amurka.

27/ A 1975 kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna. Volkswagen a Legas. Daga baya ga Steyr a Bauchi, ga Fiat na haɗa manyan motoci a Kano, ga Mercedes a Inugu, ga Leyland a Ibadan. Ku sake karanta sunayen. Duk na Turai ne. Mun sayo masana'antar Turai, sai muka sayo ɗabi'arta har da kuloci.

28/ Fijo 504 ita ce motar gwamnati, ita ce ta Alhaji, ita ce ta tasha mai cin Kano zuwa Legas. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. A kanta iyayenmu suka koyi tuƙi, a kanta makanikanmu suka koyi aiki. Shi ya sa a kunnen babanka "iya mota" yana nufin iya kuloci, ba wani abu ba.

29/ Kuma gaskiya ta dace da mu a lokacin. Batir ya mutu? A sa ta a ta biyu, yara su tura, a saki kuloci, ta tashi. Ta kafe a yashi ko taɓo? A yi ta gaba da baya har ta fita. Filet ɗin kuloci ya cinye? Makaniken gindin bishiya zai sauke ya canza kafin la'asar. Otomatik ta zamani ba ta tashi da turi, ko unguwa guda za ta taru a bayanta.

30/ Sai 1986, tsarin SAP na zamanin Babangida. Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun nan suka fara durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Aka koma gwanjo. Motocin da Turawa suka gama hawa ana loda su daga tashoshi irin su Antwerp zuwa Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo ta iyakokin arewa. Daga nan sunan "Beljiyam" da "'yar Kwatano" suka samo asali.

31/ Gwanjon Turai kuwa manuwal ne. Golf, Vectra, Sharon, Henesi da sauransu. Har yanzu leƙa tasha ka ga abin da ke lodin Zariya ko Katsina ko Maraɗi. A wancan zamanin otomatik abar tsoro ce. Ana cewa in ta lalace sai dai a jefar, kuma ba ƙarya ba ne sosai, tunda ba wanda ya koyi buɗe ta.

32/ Abin ya juya ne daga shekarun 2000, da dillalai suka karkata zuwa Amurka, musamman da gwanjon motocin inshora ya koma intanet, mutum yana zaune a Kano yana taya mota a Texas. Camry, Corolla, Accord da muke kira Diskoshon da Anakonda, Sienna, Highlander. Kusan duka otomatik, domin abin da Ba'amurke ya saya shekara goma baya kenan.

33/ Ba taro aka yi aka ce daga yau mun fi son otomatik ba. Jirgi ne ya canza tasha. In kana shakka dubi Kenya da Uganda: su ba su bar hannun hagu ba, gwanjonsu daga Japan yake zuwa, Japan kuma ta daɗe da komawa otomatik, don haka ƙananan motocin gida a titunansu otomatik ta cika su.

34/ To yanzu maganganun da ake jifan juna da su. "Manuwal ta fi tsimin mai." A da gaskiya ne ƙwarai. Amma daga ƙarshen shekarun 1970 an yawaita sa wani makulli da ke manne fankokin nan biyu idan mota ta miƙe, asarar ta ragu. Aka ba kwamfuta aikin canji. Aka yi ta ƙara giya: Mercedes 7 a 2003, Lexus 8 a 2006, yanzu har 10 akwai. A yawancin sababbin motoci otomatik ta kamo manuwal, wani lokaci ta wuce.

35/ Sai dai wa ke hawa sabuwa a cikinmu? 😂 Corolla ɗin 2005 ko 2010 da kake hari, otomatik ɗinta giya huɗu ce, manuwal ɗinta biyar. A irin wannan har yanzu manuwal tana da ɗan rinjaye, in direban ya iya. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, wannan ɗan rinjayen ya zama abin lissafi, musamman ga mai haya.

36/ "Manuwal ta fi gudu." Wannan ta mutu. Tun 1989 Ferrari ta ci tseren Formula 1 a Brazil da motar da direbanta, Nigel Mansell, ke canza giya da yatsu a bayan sitiyari. A 2003 Volkswagen ta kawo DSG mai kuloci biyu kasuwa, wadda ke canzawa da saurin da ƙafar ɗan Adam ba za ta iya ba. Ferrari da Lamborghini ma sun daina sa manuwal a motocin da suke sayar wa kowa.

37/ "Manuwal ta fi sauƙin gyara." Wannan ita ce ta rage da ƙarfinta, kuma a ganina ita ce hujja ta gaske. Manuwal tana gaya maka tana ciwo tun da wuri, kuma cutarta yawanci kuloci ne. Otomatik tana iya yin shiru har ranar da za ta ƙi shiga giya, sannan a ce maka sai dai a sayo wata giyar gwanjo ɗungurungum.

38/ Kuma sau da yawa mutuwar otomatik a nan mai ne ke jawo ta. Kowace da irin manta. Ta fi tsanani a CVT, wadda ba haƙora take canzawa ba, bel ne tsakanin wasu kwanuka biyu masu buɗewa da tsukewa. Ba sabuwa ba ce, kamfanin DAF na Holan ya nuna ta tun 1958, amma yanzu take cika mana gari, don yawancin Corolla na Amurka daga 2014 ita ce a ciki. Aka zuba mata jan man da aka saba zuba wa kowace otomatik, an gama da ita.

39/ Ni ra'ayina: in a cikin Kano ko Abuja ko Legas za ka yi ta yawo, ƙafarka ta hagu ba ta yi maka laifin komai ba, sayi otomatik, amma ka duba manta kafin ka biya. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, juya ka tafi. In haya za ka yi, ko hanyarka ƙauye ce inda makanike mai kwamfuta ke da nisa, manuwal. Wanda kuma zai shiga makarantar tuƙi, ya koya da manuwal ko da ba zai saya ba, don motar ofis da a-kori-kura da bas har gobe da kuloci suke zuwa.

40/ Amma ku sani rijiyar tana ƙafewa. A Ingila, 2020 ce shekarar farko da sababbin otomatik suka fi manuwal fita kasuwa. A Amurka tun 2019 motocin lantarki suka fi manuwal ciniki, kuma yawancin na lantarkin giya ɗaya ce da su, babu abin canzawa. Abin da Turawa ke saya sabo yau shi ne zai sauka a Kwatano da Apapa nan da shekara goma zuwa sha biyar. Direbobin tasha da ke neman Sharon da Golf masu kuloci su ne za su fara ji a jikinsu, sai makanikan da ba su taɓa buɗe wata giya ba sai irin ta Fijo.

41/ Makanikan da ke nan, musamman masu aikin giya, ina son jin abu ɗaya daga bakinku: a garejinku yanzu, cikin otomatik goma da aka kawo, nawa kuke buɗewa ku gyara, nawa kuke cewa a sayo wata?